Abin da Dillalan Fim Ba Su Kawo Gobir Ba

Ba a taɓa gina gidan silima a Unguwar Lalle ba, amma da wuya ka sami magidanci a can, ko a Gatawa ko Tsamaye, wanda bai san fuskar Amitabh Bachchan ba. Fim ɗin Indiya ya isa ƙauyukan Sabon Birni da Isa ne hannu da hannu, kuma duk wanda ya bi sawun hannuwan nan zai ga cewa abin da ake kira son Bahaushe ga rawa da waƙar Indiya, rabinsa zaɓin 'yan kasuwa ne. Mai kallo ba ya zaɓen abin da ba a shimfiɗa masa a faifai ba. Indiya tana da wasu finafinai masu sanyi, na rashi da makoki, waɗanda a ganina sun fi kusa da halin mutanen wannan yanki, sai dai dillalai sun tace su tun daga bakin hanya.

Tatar ta fara ne a birni. Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, su ne suka riƙe harkar silima a Arewa, kuma an buɗe Rex a Kano a 1937. A shekarun 1950 suka fara shigo da finafinan Indiya, suka ga kujeru na cika, suka ci gaba. To amma masu kallon ba sa jin Indiyanci, saboda haka fim ɗin da zai mayar da kuɗi shi ne wanda ido kaɗai zai fahimta: mugu a gane shi da gashin baki, masoya a gane su da waƙa, a raba gardama da naushi. Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, ya cika wannan sharaɗi har ya zarce. Labarin wata manomiya ne da shanun huɗa, ga bashin mai ba da rance da ruwa ya shaƙe gidanta, ga miji ya tafi bai dawo ba. Manomin gero ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana nuna fim ɗin har lokacin, mutane kuma suna zuwa.

A ƙauyukan Gobir, allon da aka fara sani shi ne majigin gwamnati, mai koyar da noma da tsafta. Labarin Indiya ya riga hotonsa isowa, a bakin 'yan cin rani da suka dawo daga Kano ko Gusau ko Sakkwato ko Maraɗi. Maraɗin ma ba baƙon wuri ba ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 gidan sarautar Gobir ya watse, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta hana dangi da fatake zirga-zirga ba. Saurayin da ya ga fim a birni, in ya zauna a dandali zai ba da labari, faɗan zai kawo da amshin waƙar, domin su ne ke shiga baki. Da kaset ɗin bidiyo ya yawaita, sai gidan kallo na zana da ɗan janareta ya bayyana, mai shi kuwa lissafinsa kuɗin fetur ne, ba zai saka fim ɗin da yara za su yi gyangyaɗi a kai ba. Faifan sidi ya zo ya wuce, yanzu masu turi ne a kasuwa ke loda finafinai a memori, galibi fassarar Algaita da takwarorinta na Kano. A kowane zango rariyar ƙara matsewa take yi.

Abin da ya maƙale a rariyar ba kaɗan ba ne. Tun daga Bhuvan Shome na Mrinal Sen a 1969 da Ankur na Shyam Benegal a 1974, akwai masu shirya fim da harshen Hindi waɗanda suka kauce wa manyan kamfanonin Bambai, suka yi aiki da kuɗi kaɗan. Saaransh na 1984 labarin tsoho ne da matarsa bayan an kashe ɗansu tilo a Amurka. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Masaan na Neeraj Ghaywan, da aka nuna a bikin finafinai na Kan a Faransa a 2015, ya kuma sami kyauta a can. A birnin Banaras, wani ɗalibi mai suna Deepak, ɗan gidan masu sana'ar ƙona gawa a bakin kogin Ganga, ya kamu da son Shaalu, yarinyar da asalinta ya fi nasa daraja a tsarin Hindu. Ta yarda za ta aure shi ko da iyayenta sun ƙi. Sai ta mutu a haɗarin mota, aka kawo gawarta inda danginsa ke aiki, ya gane ta da zoben hannunta. Sauran fim ɗin, tare da labarin wata budurwa da ita ma ta rasa saurayinta cikin abin kunya, yana bin yadda mutum ke sake tattara kansa alhali ba kowa ne ya san ya yi rashi ba.

Nan ne nake ganin fim ɗin ya taɓo wani gurbi a al'adarmu. Makokin Bahaushe tsararre ne, kuma tsarin yana da hikima. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, masu gaisuwa su zo su ce "ya haƙuri", a yi addu'a, a yi sadaka, matar mamaci ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Kowa da mazauninsa: uba da 'yan'uwa a waje, uwa da mata a ciki. Saurayin da budurwarsa ta rasu kafin a ɗaura aure fa, ina zai zauna? Shi ma mai zuwa gaisuwa ne, zai durƙusa ya yi wa mahaifinta ta'aziyya ya tashi. Budurwar da aka kashe wanda take so tata ta fi tsanani, domin kunya ba za ta bar ta ta yi kukan da za a tambayi dalilinsa ba. Finafinan da dillalai suka kawo sun ba irin waɗannan mutane wani abu, ba a musu, shi ya sa Tere Naam na 2003 ya shiga ran matasa. Amma a can baƙin ciki hauka ne da sarƙa a ƙafa. Danne zuciya da fita aiki washegari, wanda shi ne ainihin abin da namu ke yi, a Masaan yake.

Za a ce ai mutane ne ke son rawa da faɗa, ɗan kasuwa bin su kawai yake yi. Akwai gaskiya a ciki, don ko a Indiya irin su Masaan ba sa tara kuɗin da manyan taurari ke tarawa. Sai dai hujjar da ta sa Kwarori suka guji fim mai yawan magana ita ce rashin jin harshe, kuma fassarar Hausa ta kawar da ita. Mutanen da suka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, matan da ke sauraron littattafan soyayya a rediyo sa'a guda ba ganga ba naushi, ba za a ce ba su da juriyar bin labari mai tafiya a hankali ba.

Za a kuma ce ƙona gawa da haɗuwar saurayi da budurwa a ɗakin otal da Masaan ya nuna sun saɓa wa addini da tarbiyya. Wannan suka ce mai nauyi, kuma akwai wuraren da mai fassara zai yanke. Amma shekara da shekaru ana kallon jarumai suna sujada ga gumaka tsakanin waƙa da waƙa, mai kallo yana ware abin da ba nasa ba yana ɗaukar labarin. In an iya wannan tacewa a fim ɗin rawa, ban ga abin da zai hana a iya ta a fim ɗin makoki ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta halin da ake ciki. A Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a Garki da ƙauyukan kewayenta. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, a Disambar shekarar kuma aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Dubbai sun tsallaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ke cikin wannan, in ya sami cajin waya, dariya yake nema, kuma yana da haƙƙinta. Fim ba ya tsare hanyar Isa zuwa Shinkafi. Abin da nake ja a kai shi ne a ce dariyar kaɗai yake bukata. Harin da ya tarwatsa gari yana tarwatsa tabarmar makoki ma: a yi jana'iza a gurguje, wani lokaci ba gawa, masu gaisuwa kowa ya kama gabansa, mai takaba ta ƙarasa kwanakinta a gidan aro. Waɗanda da ma ba su da mazauni a makoki, samari da 'yan matan da aka yi wa baiko, sun ƙaru ainun a shekarun nan, kuma mai turi a kasuwar Sabon Birni yana loda musu abin da aka aiko masa daga Kano ne, bisa lissafin da Kwarori suka yi tun shekarun 1950.