MAƘALAR MAKO: Daga Akurki Zuwa Gidan Gona

Wannan makon za mu leƙa tarihin abin da kajinmu ke ci.

A ƙauyukan Dawakin Kudu, Kura da Bunkure, kazar Hausa ita take ciyar da kanta. A watsa mata tsaba da dusa da safe, sauran ta tono a bola. 'Yan tsaki suna bin uwarsu suna tsattsagar ƙasar da ta yi kashi, ta nan suke samun ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin hanjinsu.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da kewaye. Masara da dusar shinkafa da ta alkama suka yawaita, hanya ta buɗe wa kiwon burola, kajin da ke isa yanka cikin kamar mako shida. To sai dai injin ƙyanƙyasa ne uwarsu, ba wanda za su gaji waɗancan ƙwayoyi daga gare shi.

Tun wajen 1950 masana a Amurka suka lura cewa antibayotik kaɗan a cikin abinci yana sa kaji saurin girma, duniya ta rungumi dabarar. Sannu a hankali cututtuka suka daina jin magani, har a jikin mutane. A 1973 wani masani a Finland, Esko Nurmi, ya nuna cewa ɗan tsakon da aka ɗura wa ƙwayoyin hanjin babbar kaza yana samun kariya daga cutar salmonela. Wannan na daga cikin tushen furobayotik ɗin da muke gani yau a shagunan maganin dabbobi, danginsu ɗaya da abin da ke mayar da madara kindirmo. Sweden ta hana antibayotik na ƙara girma a 1986, Tarayyar Turai ta hana shi gaba ɗaya a Janairun 2006, wata guda kafin a tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Kaduna, ta iso Kano.

Amma furobayotik ba ya gyara ruɓaɓɓen abinci. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai hunhuna, daga nan aka gano gubar aflatoksin. Mu da muke haɗa abincin kaji da ƙuliƙuli, masara da waken suya, wannan darasi namu ne: buhun da ya sha danshi yana iya cinye jarin matar da ta zuba kuɗin adashinta a tsaki hamsin.

Duk wanda zai saka mai kiwo a labarinsa, ya fara zuwa ya tambaye ta me take zuba wa kajinta, nawa ta sayi buhu, guda nawa suka mutu a makon farko. Mu haɗu a sashen sharhi.