Rufe Kamfanin Tokyopop a 2011 da Halin da Masu Karatun Manga Suka Shiga

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2011 aka sanar da cewa kamfanin Tokyopop zai rufe sashensa na buga littattafai da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka a ƙarshen watan Mayu. A idon ɗan kasuwa, wannan labari ne da aka saba ji, domin kullum kamfanoni suna tashi suna faɗuwa. Su kuwa dubban matasan da suka shafe shekaru suna sayen littattafan kamfanin ɗaya bayan ɗaya, abin da sanarwar take nufi a gare su shi ne labaran da suke bi sun tsaya cak a tsakiya, kuma babu wanda zai ce musu ga ranar da za a ci gaba. Tarihin wannan kamfani yana nuna yadda adabin fassara yake rayuwa a hannun kasuwa, da irin asarar da mai karatu yake yi idan igiyar da ta haɗa shi da marubuci ta tsinke.

2.0 Ma'anar Manga da Yadda Ake Buga Shi

Manga suna ne da mutanen Japan suke kiran labaran da ake bayarwa ta hanyar zane. Ana raba shafi zuwa ƴan akwatuna, kowanne da hotonsa, a kuma rubuta maganar taurarin labarin kusa da bakinsu. Yawanci zanen baƙi da fari ne, kuma ana karanta littafin daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake karanta ajami. Bayan yaƙin duniya na biyu ne wannan fanni ya bunƙasa a hannun mazana irin su Osamu Tezuka. A shekarar 1959 kamfanonin Kodansha da Shogakukan suka fara fitar da mujallun mako-mako na samari, sannan a 1968 kamfanin Shueisha ya fito da tasa mujallar mai suna Shonen Jump.

Tsarin bugun shi ne a riƙa fitar da labari babi-babi a mujalla, in ya taru a haɗa shi a juzu'i mai kimanin shafi 200. Labari guda yakan kai juzu'i ashirin ko talatin, wani ma ya zarce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya sayi juzu'i na ɗaya ya ɗauki alkawari da kamfani ne ba tare da an rubuta ba: shi zai ci gaba da saye, kamfani kuma zai kai shi ƙarshen labari.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Kamfanin da yake fassara manga zuwa Turanci ba shi ne mai labarin ba. Lasisi yake saye daga marubuci da maɗaba'arsa ta Japan, na wani harshe, a wani yanki, zuwa wani wa'adi. Da zarar wa'adin ya cika ko kamfanin ya rufe, haƙƙi ya koma wurin masu shi. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

3.0 Kafuwa da Bunƙasar Tokyopop

Wani Ba'amurke mai suna Stu Levy ne ya kafa kamfanin a shekarar 1997 da sunan Mixx. Ya fara da mujallar MixxZine, wadda a cikinta aka riƙa buga fassarar Sailor Moon da wasu labarai. A wancan zamani, masu fassara manga a Amurka sukan juya zanen kamar a madubi domin a karanta daga hagu zuwa dama, su kuma sake zana kalmomin amo da Turanci. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, kuma yawancin abin da aka buga a shagunan labaran zane ake sayar da shi, inda galibin masu shiga maza ne.

A shekarar 2002 Tokyopop ya sauya salon. Ya bar zanen yadda yake a Japan, daga dama zuwa hagu, ya tsayar da girman littafi ɗaya, ya kuma sa farashin dala 9.99, wanda yake ƙasa da abin da aka saba biya. Sannan ya kai littattafan manyan kantunan littattafai irin su Borders da Waldenbooks, waɗanda suke da rassa a kasuwannin zamani da matasa ke zuwa. Nan ne ƴan mata, waɗanda kasuwar labaran zane ta Amurka ta daɗe da mantawa da su, suka sami abin karantawa. Labarin Fruits Basket na Natsuki Takaya, mai juzu'i 23, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 2004, ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar USA Today. Haka ma Chobits da Love Hina da GTO suka sami karɓuwa. Ba a daɗe ba sauran kamfanoni suka bi sahu, har salon ya zama shi ne ƙa'ida.

Ƙiyasin kafar ICv2, mai bin diddigin wannan kasuwa, ya nuna cinikin manga a Arewacin Amurka ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2002 zuwa kimanin miliyan 210 a 2007. Tokyopop ya buɗe reshe a birnin Hamburg na Jamus a 2004, ya shiga fassara labaran zane na Koriya, ya kuma kafa gasar Rising Stars of Manga domin zaƙulo matasan mazana da za su rubuta nasu labaran da Turanci.

4.0 Dalilan Durƙushewa

Ba dare ɗaya kamfanin ya faɗi ba. Matsaloli ne suka taru, kowace tana ƙara wa ƴar'uwarta nauyi.

Na farko shi ne cunkoso. Ganin riba ya sa kamfanoni suka riƙa zuba sababbin littattafai fiye da abin da kantocin shaguna da aljihun matasa za su ɗauka. A tsarin cinikin littafi na Amurka kuwa, shago yana da damar mayar wa maɗaba'a abin da bai sayar ba, don haka littafin da aka ɗauka ya fita yakan dawo ya zama asara.

Na biyu shi ne rashin gindi a Japan. Babban abokin gogayyarsa, wato Viz Media, mallakar Shueisha da Shogakukan ne, saboda haka manyan labarai irin su Naruto da Bleach a hannunsa suke. Shi kuwa Tokyopop da lasisin wasu ya dogara, musamman na Kodansha. Kodansha ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Del Rey, daga baya ya kafa reshensa a Amurka, sannan a 2009 ya bar lasisin da ke hannun Tokyopop suka ƙare ba tare da sabuntawa ba. Da wannan mataki kamfanin ya rasa wani babban kaso na littattafan da suka yi masa suna.

Na uku shi ne karayar tattalin arziki ta 2008, wadda ta zo daidai da yawaitar karatun sata a intanet. Wasu masoya sukan ɗauki hoton shafukan mujallun Japan da na'ura, su fassara, su saka a shafukan intanet kyauta ba da izinin kowa ba, kuma sukan riga fassarar halal fitowa da watanni ko shekaru. A watan Yunin 2008 Tokyopop ya sallami ma'aikata 39, ya kuma rage yawan abin da yake bugawa da kusan rabi. Masu suka sun ƙara da cewa hankalin shugabannin kamfanin ya karkata ga fina-finai da shirye-shiryen talabijin a lokacin da sashen littattafai yake neman agaji.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne faɗuwar Borders, wanda ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye a watan Fabrairun 2011. Shi ne babban mai sayen kayan Tokyopop, kuma ya faɗi da bashin kamfanin a kansa, kamar yadda Levy da kansa ya bayyana. Bayan wata biyu sai ga sanarwar rufewa. Reshen Jamus ne ya tsira ya ci gaba da aiki. Ba Tokyopop kaɗai guguwar ta kayar ba, domin tun a 2010 kamfanin DC Comics ya rufe sashensa na manga mai suna CMX, kuma a 2011 cinikin kasuwar baki ɗaya ya koma kusan rabin abin da yake a 2007.

5.0 Tasirin Rufewar ga Masu Karatu

Babbar asara ita ce ta labaran da aka yanke. Alice in the Country of Hearts yana da juzu'i 6, Tokyopop ya fitar da 5, saura na ƙarshe aka rufe. Maid Sama! ya tsaya a juzu'i na 8, alhali a Japan sai da ya kai 18. Gakuen Alice ya tsaya a na 16, shi kuwa ya kai 31. Wanda ya sayi juzu'i 16 a kan kusan dala 10 kowanne ya kashe wajen dala 160 a kan labarin da aka yanke shi a tsakiya. Ɗakunan karatu na jama'a da na makarantu su ma sun sami kansu da jerin littattafai masu kai babu ƙafa.

Daga nan sai littattafan da aka riga aka buga suka fara wuya. Tun da yawan masu saye yakan ragu yayin da labari yake nisa, juzu'an ƙarshe-ƙarshe kaɗan ake bugawa, su ne kuma suka fara ɓacewa. Farashinsu a kasuwar littattafan hannu ya haura asalin kuɗinsu, har mai neman cike giɓi guda a jerinsa ya riƙa biyan ninki.

Wasu masu karatun sun koma ga fassarar sata, domin ita kaɗai ta rage musu hanyar sanin ƙarshen labari. Abin takaici a nan shi ne ɗabi'ar da ta taimaka wajen kayar da kamfani ita ce faɗuwarsa ta ƙara wa ƙarfi. Wasu kuma suka ɗauki darasin cewa ba za su sake sayen labari ba sai an kammala buga shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai wannan taka-tsantsan yana da nasa lahani: maɗaba'a da cinikin juzu'an farko take auna ko za ta ci gaba, don haka in kowa ya tsaya jira, labarin da ake jira ɗin shi ne za a dakatar.

Matasan mazanan da suka rubuta wa kamfanin labarai da Turanci sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Yarjejeniyar da da yawansu suka sa wa hannu ta ba kamfanin kaso a haƙƙin mallakar aikin, saboda haka ko da aka daina bugawa, ba su da ikon ɗaukar labarinsu su kai wata maɗaba'a sai da yardarsa. Kaɗan ne suka sami mafita, kamar Brandon Graham wanda Image Comics ya ƙarasa buga labarinsa King City.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Wasu kamfanoni sun sake sayen lasisin labaran da suka ga za su yi kasuwa. Kodansha ya dawo da Sailor Moon da sabuwar fassara a 2011. Yen Press ya buga Alice in the Country of Hearts cikakke a 2012, sannan ya sake fitar da Fruits Basket daga 2016. Viz Media ya ɗauki Maid Sama! daga 2015. Sai dai sabon bugu daga farko yake somawa, sau da yawa da wata fassara da wani girman littafi, a haɗe juzu'i biyu a kundi ɗaya. Mai tsohon jeri dole ya zaɓa: ko ya sake saye daga tushe, ko ya haƙura da jeri mai kama biyu, inda wani lokaci har rubutun sunayen taurari yake bambanta. Labaran da ba su da yawan masoya kuwa, da yawansu ba a sake waiwayarsu ba.

Kasuwar ta farfaɗo daga baya, musamman bayan da Attack on Titan ya yi tashe daga 2013. Maɗaba'un Japan sun kuma fahimci cewa jinkirin fassara ne yake ciyar da sata, shi ya sa a 2019 Shueisha ya buɗe dandalin Manga Plus, inda sabon babi yake fita da Turanci a lokaci guda da fitarsa a Japan. Shi ma Tokyopop ya dawo buga littattafai a Amurka a 2016, ya soma da labaran Disney, amma a ƙaramin matsayi idan aka kwatanta da na da.

7.0 Kammalawa

Tarihin Tokyopop yana da fuska biyu. Shi ne ya sauƙaƙa farashin manga, ya kai shi kantunan da kowa ke shiga, ya kuma koya wa matasan Amurka karatu daga dama zuwa hagu, kuma wannan gado yana nan har yau a kowane kanti. Shi ne kuma ya nuna raunin maɗaba'ar da ta gina kanta a kan haƙƙin wasu, ta jingina da mai saye guda ɗaya. Ga ɗalibin adabi, darasin shi ne rayuwar littafi ba ta ƙarewa a alƙalamin marubuci. Tsakaninsa da mai karatu akwai mai fassara da mai lasisi da maɗaba'a da kanti, kuma in ɗaya daga cikinsu ya gaza, labarin da aka kammala a Tokyo yakan zauna ba ƙarshe a Los Angeles. Da yawa daga cikin ƴan makarantar da suka ajiye Maid Sama! a juzu'i na 8 a 2011 sun girma sun kama aiki kafin ƙarshensa ya iso hannunsu da Turanci.