Ba Duk Kanwar Ce Ja Ba: Tarihin Haɗejiya A Faifan Mai Kanwa

Ƙasar Haɗejiya ƙasa ce da Allah bai ba ta dutse ba. Wanda ya taso daga Auyo ya bi gaɓar kogi har Guri, ba abin da ƙafarsa za ta taka sai yashi da laka da tabon fadama. Masana ilimin ƙasa sun bayyana dalili: yankin yana cikin kwarin Tafkin Chadi ne, inda ruwa da iska suka shafe dubban shekaru suna jibge rairayi da yumɓu har suka binne dutsen da ke ƙasa. Saboda haka kusan duk wani abu mai tauri da ke cikin ɗakin girkin kakanninmu baƙo ne. Dutsen niƙa baƙo ne, gishiri baƙo ne, tozalin da ke idon amarya baƙo ne, haka ma kanwa mai daraja. Kowanne da hanyar da ya biyo, da wanda ya ɗauko shi, da abin da aka bayar a madadinsa.

Tarihin da muka tashi muna ji na sarakuna ne da dawakai. Mun san Sambo wanda ya kafa daular Fulani a garin a farkon ƙarni na 19. Mun san Sarki Buhari da ya yi wa Sakkwato tawaye har rasuwarsa a 1863. Mun san ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a watan Afrilun 1906, ya yi shahada tare da jarumansa. Wannan abin alfahari ne, amma bai gaya mana abin da ya riƙe talaka da dabbarsa tsakanin yaƙi da yaƙi ba. Ina ganin wani ɓangare na amsar yana kan faifan mai kanwa.

Abin da ya karkato da hankalina ga wannan batu shi ne ziyarar da na kai bajekolin duniya na Kaduna bayan na kammala digiri. A rumfunan ma'adinai na ga kuza da tama da duwatsu masu ƙyalli, kore da shuɗi da ruwan hoda, irin waɗanda ake haƙowa a Filato da Nasarawa da tsaunin Mambila. A nan na ji labarin birnin Tucson na Amurka, inda tun 1955 masu tara duwatsu ke haɗuwa kowace shekara, wani ya ƙetare teku don neman ɗan tsakuwar da ba shi da irinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yar takardar da ke gefen kowane dutse, mai ɗauke da sunansa da wurin da aka samo shi. Masu wannan sana'a sun ce dutsen da ya rabu da takardarsa ya yi asarar rabin darajarsa. Na tambayi kaina: mu da ba mu da ramin haƙa, me za mu ɗora a kan teburi? Sai na tuna cewa muna da bajekolin da ya girmi na Kaduna da na Amurka, wanda ke ci kowane mako, wato kasuwa.

Na yi tanadin ƙananan kwalabe da littafin rubutu, na bi kasuwanni huɗu a cikin rani ɗaya: Haɗejiya, Malam Madori, Nguru da Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar. Ƙa'idata ɗaya ce. Ba na sayen gutsure sai na tambayi sunansa, da inda ya fito, da abin da ake yi da shi. A kasuwar Haɗejiya na zauna gaban wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Da na gaishe shi na ce, Baba, ai Hausawa sun ce duk kanwar ja ce, sai ya yi dariya ya ce wannan maganar wanda bai taɓa sayar da kanwa ba ce. Ya ware mini su ɗaya bayan ɗaya. Ga farar kanwa ta miya, mai sa kuɓewa da kuka yauƙi, mai nunar da wake da wuri. Ga jar kanwa da ake nema don magani da kunun maijego. Ga gari, wanda makiyaya ke saye da buhu don shanu. Ga ungurnu mai tauri, wadda ta fi kowacce tsada, abokiyar garin taba. A Nguru na sami mangul, gishirin ƙasar Manga. A Maigatari kuwa na dace da ɓallin kantu, gishirin Bilma da ake zubawa a mazubi ya fito kamar turmi, kuma shi ne abin da na fi murna da samu a duk tafiyar.

Kowace kwalba cikin waɗannan taswira ce. A ƙasashen Muniyo da Mangari, arewa da kogin Yobe, akwai kwarurruka tsakanin jigayi inda ruwan ƙasa ke kusa da sama. Idan rani ya yi, rana ta tsotse ruwan, sai ya bar ɓawon kanwa a doron ƙasa, mutane su kankare ko su fasa. Mangul kuwa sai an tace ƙasa mai gishiri da ruwa, a dafa ruwan a tukwane har ya daskare. Ungurnu daga gabashin Tafkin Chadi take fitowa, kuma a da Buduma ne ke ƙetaro da ita a jiragensu zuwa gaɓar Barno. Kantu sai ya ratsa hamadar Tenere a bayan raƙuman Buzaye, waɗanda ke kai gero Bilma su komo da gishiri. Geron nan daga ƙasashen noma na kudu yake fitowa. Ashe manomin da bai taɓa ganin hamada ba yana da hannu a cikin ayarin da ke ratsa ta.

Matsayin Haɗejiya a wannan ciniki ya samo asali ne daga wurin zamanta. Kafin jihadi, ƙananan masarautun wannan yanki, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, suna ƙarƙashin Barno ne, suna kai gaisuwa ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Gabas da arewa ga masu kanwa, yamma ga Kano da masu saye, a tsakiya kuma ga fadama mai ruwa da ciyawa da kifi da hatsi, abin da jaki da takarkari da mai kora su ke bukata. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya bayyana Gumel a matsayin babbar kasuwar kanwa tsakanin Barno da ƙasar Nupe, ya kuma ƙiyasta cewa kayan kanwa dubu 20 ne ke ratsa Kano a shekara. Ya ambaci yadda hare-haren Buhari suka jefa matafiya cikin tsoro. A nan tarihin sarakuna da na fatake suka haɗu: yaƙin da mawaƙa ke yabo, shi ne ke sa farashin kanwa ya tashi a wurin matar da ke dafa wake a Bida.

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari cikin shekaru kaɗan. Na farko iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka shata layin da ya bar Muniyo da yawancin Mangari a ɓangaren Faransa, sai abin da yake cinikin gida ya zama na ƙetare. Na biyu gishirin Turawa, wanda ya riƙa shigowa da araha bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ture mangul da kantu daga tukunyar miya, ya bar su ga dabbobi da masu magani. Na uku layin dogo da ya kai Nguru a 1930. Bai shiga birnin Haɗejiya ba, ya bi ta Malam Madori, saboda haka kaya suka bar bayan jaki suka koma tarago, zanguna da dama suka mutu. Kanwa dai ta tsira, domin babu wani kayan Turawa da ya iya maye gurbinta a ɗanwake ko a wurin majema.

A zamaninmu ma ƙasar ba ta daina sauyawa ba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun canza yadda ambaliya ke zuwa fadama, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, makiyayan da ke sayen kanwa da yawa suka sauya burtali. Rikicin da ya addabi yankin Tafkin Chadi tun 2009 ya wahalar da hanyar ungurnu, rufe iyaka a 2019 da 2023 kuma ya taɓa kasuwar Maigatari. Amma asarar da ta fi damuna ba ta da ƙara. A rumfuna da dama da na tsaya, idan yaro ne ke jiran kaya, iyakar abin da zai ce shi ne fara ko ja. Sunan kwarin da aka kankaro ta, da hanyar da ta biyo, suna cikin kan dattawa ne kawai. Duk ranar da aka binne ɗaya daga cikinsu, an binne takardar da ke gefen dutsen.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna da ɗaliban tarihi da na kimiyya da ke neman batun bincike kowace shekara. A tura su kasuwanni da kwalabe da na'urar ɗaukar murya, su tattara kowane nau'in kanwa da gishiri da tozali da farar ƙasa, ɗan kimiyya ya auna abin da ke ciki, ɗan tarihi ya rubuta abin da mai kaya ya faɗa. A ware ɗaki guda a Haɗejiya a jera su da sunayensu na Hausa da na Barbarci. Ɗan makarantar da ya shiga ɗakin zai fita da sanin cewa garinsu, ko da yake ba shi da dutse, ya taɓa zama mahaɗa tsakanin Bilma da Bida, kuma kakansa mai jaki yana cikin waɗanda suka gina wannan alaƙa. Dattawan da za su ba da wannan ilimi suna nan a rumfunansu yanzu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.