Daga Igiyar Ƙarfe Zuwa Wayar Lantarki: Ma'aunin Gudu a Garejojin Tawa

Sana'ar gyaran mota a Tawa ta ginu ne a kan bukatar ƙasar da ke arewa da birnin, domin daga Adar zuwa Azawak, inda Cintabaraden da Tasara da Tiliya suke, yawancin hanyoyi burji ne ko sawun taya a kan rairayi, kuma motar da ke jure musu ita ce wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat bisa lafazin Faransanci. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta fara yin suna a wannan daji, kafin Toyota Land Cruiser ta Japan ta karɓe fagen. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi Abalak da Agadas har can, sai birnin ya zama zangon da direba ke duba lafiyar motarsa kafin ya fuskanci hamada, garejoji kuma suka yawaita, kowane da maigida da yaran da ke koyon aiki a hannunsa.

A motocin wancan zamani ma'aunin gudu ba shi da alaƙa da lantarki. Wata igiyar ƙarfe ce mai lanƙwasuwa a cikin bututu, gindinta a jikin akwatin raba ƙarfi, wato ƙaramin akwatin giya da ke rarraba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, kanta kuma a bayan agogon da ke gaban direba. Gwargwadon juyawar ƙafafu, gwargwadon juyawarta. Idan allura ta kwanta, bakanike yakan kwance igiyar ya murza ta da yatsa, nan take ya gane ko tsinkewa ta yi, ko haƙoran ɗan giyar da ke juya ta ne suka cinye, ko kuwa agogon ne ya mutu. Wannan gyara yana da nauyi a arewacin Adar fiye da yadda ɗan birni zai zata, saboda agogon ne ke ƙirga kilomita, kuma a inda babu allon hanya balle gidan mai, da wannan ƙirge direba ke auna man da ya rage masa da tazarar da ke tsakaninsa da rijiya ta gaba.

Sauyi ya zo ne da motocin shekarun 1990, irin Land Cruiser samfurin 80, waɗanda akasarinsu suka iso Nijar a matsayin na hannu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, musamman bayan karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin masu sufuri. A da yawa daga cikinsu an maye gurbin igiyar da na'urar jin gudu, wata ƴar na'ura mai maganaɗisu a ciki da ake ɗaurawa a gurbin igiyar, wadda ke mayar da juyawar giya zuwa bugun lantarki, ta aika wa agogo, daga nan saƙon ya wuce ga kwamfutar mota idan tana da ita. Wayoyi uku ne ke shigarta: ɗaya na kawo wuta daga batir, ɗaya na komawa jikin mota, na uku kuma shi ne ke ɗaukar saƙo. Mai gyaran lantarki yakan fara tabbatar da cewa wutar bolt 12 tana isowa, sannan ya ɗaga ƙafafun motar ya juya su a hankali yana kallon mitar gwaji; idan wutar wayar saƙo tana hawa tana sauka, na'urar lafiya take, kuma laifin yana gaba da ita. Tsofaffin Toyota masu kwamfuta suna faɗin ciwonsu da ƙiftawar fitilar inji idan aka haɗa ramukan TE1 da E1 na soket ɗin bincike, inda ƙiftawa huɗu sannan biyu, wato lamba 42, ke nuni ga saƙon gudu. Bayan da Amurka ta wajabta tsarin bincike na bai ɗaya a 1996, lambar wannan matsala ta koma P0500, wadda ake karantawa da na'urar bincike ta hannu.

Sai dai lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kawai, ba ta cewa na'urar ce ta lalace, kuma a nan ne tarbiyyar tsofaffin garejoji ta ci gaba da amfani. Na'urar tana ƙarƙashin mota, inda ƙaya da duwatsun Adar ke fizgar waya, ƙura ke cika soket, ruwan ƙorama kuma ke sa shi tsatsa da damina, don haka sau da yawa abin da ake bukata shi ne a wanke soket ko a haɗa wayar da ta tsinke. Kayan gyara kuwa daga nesa suke zuwa, daga Yamai ko daga kasuwannin Sakkwato da Ƙofar Ruwa ta Kano ta hanyar Ƙonni, kuma tsadarsu da jiran isowarsu duk a kan mai mota suke. Bakaniken da ya canza na'ura kafin ya auna wayoyinta uku ya gaza a abin da magabatansa suka fara koya wa yaransu, wato bin ciwo daga akwatin giya har zuwa agogo kafin a sayi komai.