Shekaru huɗu da kwana ɗaya

A tarihin sojan Amurka akwai wata doka da nake so malamai da iyaye su sani. A 1957, kwamitin da Ralph Cordiner, shugaban kamfanin General Electric, ya jagoranta ya ba da shawarar a gyara albashin soja, don ƙwararru na barin aiki. A 1958 shugaba Eisenhower ya sa hannu kan sabuwar doka, wadda ta ƙayyade ƙarin albashin da daɗewa ke kawowa a kowane muƙami.

Wannan ƙayyadewa za ta cuci sajan ɗin da ya shekara goma a bakin aiki kafin ya zama hafsa. Shi ya sa aka ware wa irinsa matakai na daban: O-1E, O-2E da O-3E, daga ƙaramin laftanan zuwa kaftin. Sharaɗin shi ne mutum ya haura shekaru 4 yana ƙaramin soja, ko da kwana ɗaya ne. A yau albashin ƙaramin laftanan na tsayawa bayan shekaru 3, amma na mai O-1E na hawa har shekaru 14.

A ganina hikimar a fili take: in ƙarin girma zai jawo asara, gogaggu ba za su neme shi ba. Mu ma ya dace mu tambayi hukuma: malamin kwantaragi da ya daɗe yana riƙe da ajin ƴaƴanmu, ranar da aka ɗauke shi aikin dindindin, nawa za a lissafa masa cikin shekarunsa?