Daga Kantun Balma zuwa Yuraniyam ɗin Arlit

Idan damina ta ɗauke, raƙuma suka ƙoshi da ciyawar Abzin, sai ayarin gishiri ya yi shiri ya fuskanci gabas. Tsakanin Agadas da Balma tafiyar kilomita wajen 600 ce, mafi yawanta cikin Tenere, inda ba itace ba kiwo. Shi ya sa kowane raƙumi da dammunan ciyawarsa yake tashi, ana tafe ana ajiye wasu a hanya saboda komowa. Madugu yana gaba, a yada zango a Faci, sannan a ƙarasa Kawar. Gero ake kaiwa, da cuku da tufafin Kano. A komo da dabino, da beza na miya, da kantu na dabbobi, wanda ake zubawa da danshinsa a cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife shi a rana ya bushe.

Ramukan gishirin Kalala, kusa da Balma, na gidaje ne masu yawa, kowa da nasa. Mai saye kuwa kusan ɗaya ne, wato ayari, kuma ba kullum yake zuwa ba. Hatsin da Kawar ke nomawa bai isa ya ciyar da ita ba. Saboda haka mai kantu ba shi da halin ya ce albarka ya juya baya, don in ayari ya tashi ya bar shi da gishirinsa, ba gishirin zai tuƙa wa iyalinsa ba. A da ƙasar Kawar tana ƙarƙashin Barno ne. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 hanyar ta koma hannun Abzinawa, musamman Kel Owe da Kel Geres, kuma daga nan su ne ke da babbar murya wajen tsayar da mudun gero nawa ne kantu.

A 1838 wani Bafaranshe masanin lissafi, Cournot, da zai bayyana babakere a kasuwa, sai ya kawo misalin mai maɓuɓɓugar ruwan magani wadda ba kowa ke da irinta ba: shi zai yanka farashin da ya ga dama. A bisa wannan lissafi, mutanen Balma ne ya kamata su riƙe wuƙa da nama, tun da Allah ya ajiye gishirin a ƙofarsu. Amma su da yawa suke, ba su da raƙuma, ga yunwa. Sai a 1933 Joan Robinson ta jami'ar Kambirij ta tsara bayanin ɗaya ɓangaren, kasuwar da masu sayarwa ke da yawa mai saye kuwa ɗaya, ta nuna yadda farashi ke sauka ƙasa da abin da gasa za ta bayar. Bayaninta ya fi kama da abin da ke faruwa a Kalala.

Duk da haka ayari bai iya matsawa har iyaka ba. Wanda ya keta Tenere ba zai so komawa da raƙuma fanko ba, kuma baɗi ma yana bukatar a haƙa masa. Kowane falke yana da mai masaukinsa, abota ta gado, da bashi da ake bi daga shekara zuwa shekara. A nan ne masana suka rabu. Almajiran Karl Polanyi suna ganin irin wannan ciniki al'ada da sarauta ne ke tsara shi, ba gasa ba. Irin su A. G. Hopkins da Paul Lovejoy, wanda ya rubuta littafi guda a kan gishirin wannan yanki a 1986, sun fi ganin ƴan kasuwa masu lissafin riba, da farashi mai hawa da sauka bisa albarkar damina. A ganina kowanne ya tsaya ne a wani zango na hanyar. Don kuwa wannan Ba'abzine da ke sayen kantu shi kaɗai a Balma, bayan wata uku yana kasuwar Kurmi a Kano ko a Damagaram, ɗaya daga cikin masu sayarwa barkatai. Kantunsa na gogayya da manda da mangul na ƙasar Manga, da gishirin Tagidda da na Foga, dillali na kai da komo yana jiran la'adarsa.

Sarauta ma tana da rabonta. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya tarar da gari ya ja baya, mutanensa ba su wuce 7,000 ba a ƙiyasinsa, kuma gero ne ke aikin kuɗi a kasuwa. Ya ba da labarin Sarkin Turawa, mai kula da baƙin fatake, wanda ke raka ayarin Kel Geres zuwa Sakkwato, yana karɓar kantu ɗaya a kan kowane kayan raƙumi. Sarkin Agadas yana karɓar haraji, yana ba da tsaro, amma bai hana kowa saye ba. Malaman fiƙihun Malikiyya da ke garin sun san hanin tare ayari a bayan gari kafin ya san farashin kasuwa, da hanin ɓoye abinci. Ibn Khaldun kuma tun 1377 ya yi gargaɗin cewa in mai mulki ya shiga fatauci da kansa, talakawa za su cutu, harajinsa ma zai ragu. Wannan kusan shekara 400 ke nan kafin Adam Smith ya soki kamfanonin da sarakunan Turai ke ba wa izinin babakere.

Zuwan Nasara ya karya wannan tsari ta fuska biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gishirin Turai da kayan teku suka fara shigowa ta kudu. Sannan yaƙin Kawsan, wanda ya tsare Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, ya ƙare da ramuwar gayya daga Faransa: an kashe malamai da manyan gari, raƙuma suka salwanta, jama'a da dama suka yi ƙaura zuwa ƙasar Hausa. Ayari bai mutu ba, har yau yana tafiya, sai dai babban ciniki ya koma hannun kamfanoni ƙalilan irin su CFAO da SCOA masu sayen gyaɗa a kudu. Bayan Nijar ta samu ƴanci gwamnatin Diori Hamani ta amsa babakeren baƙi da babakeren hukuma: SONARA ta gyaɗa da Copro-Niger ta shigo da kaya a 1962, sai OPVN ta hatsi a 1970. Ra'ayin zamanin ke nan, na su Raul Prebisch da Samir Amin, cewa ƙasa mai sayar da ɗanyen kaya in ta saki jiki da kasuwar duniya kullum a ƙasa za ta kwana.

Yuraniyam ne ya gwada wannan ra'ayi a ƙasar Abzin. An gano shi a Azelik a 1957, aka kafa kamfanin haƙa na SOMAIR a 1968, ta fara fitarwa daga Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978. Duk da akwai hannun Japan da Sifen a COMINAK, farashin ba a kasuwa ake yanka shi ba. Zama ake yi tsakanin Yamai da ɓangaren Faransa, a tsayar da kuɗin kilo. Ƙasar da ayarinta ya taɓa zama mai saye ɗaya tilo a Balma, ga ta yanzu a mazaunin mai kantu: arzikin a ƙofarta yake, hanyar fita da shi da masana'antar tace shi da mai ƙona shi duk na wani ne. Kasuwar duniyar ma ba ta gasa ba ce, don a 1972 manyan masu haƙa na Kanada da Faransa da Afirka ta Kudu da Ostireliya sun haɗa baki a asirce suna raba kasuwa, asirin bai tonu ba sai 1976.

Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, Diori ya nemi a ƙara wa yuraniyam kuɗi. Ana cikin wannan tattaunawa Seyni Kunce ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilun 1974. Har gobe ana gardama kan alaƙar abubuwan biyu, kuma bai kamata a manta da fari da yunwar shekarun ba. Kunce ne ya ci moriyar tashin farashi: aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas, a 1981 abin da ake haƙa ya haura tan 4,000, yuraniyam ya zama sama da kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke fitarwa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Amurka a 1979 kasuwa ta faɗi, aka bar ƙasa da bashi. Daga 1983 Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka zo da akasin ra'ayin farko: a sakar wa kasuwa mara. Aka karɓe babakere daga kamfanonin hukuma, a 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Abin lura, wannan guguwa ta buɗe kasuwar gero da gyaɗa, amma ba ta taɓa teburin yuraniyam ba.

Sai a 2007, da farashin duniya ya haura dala 130 a kan laba, Shugaba Tanja Mamadu ya kawo mai saye na biyu. Ya ba kamfanin Sin izinin Azelik, ya samo wa Nijar damar sayar da wani kaso da kanta, kuɗin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000, a shekara ta gaba ya kai 55,000. Azelik ba ta daɗe ba ta tsaya, COMINAK ta rufe a Maris na 2021. A 2014 zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten, dubban matasa suka kwarara da na'urar nema da jarkokin ruwa, ba mai iya yanka wa wani farashi a bakin rami, ko da yake yawancin zinariyar Dubai take ƙarewa. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta janye izinin haƙar yuraniyam a Imuraren daga Orano, kamfanin Faransa, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, wadda a da kashi 63 cikin 100 nata ke hannun Faransa. Hanyar Kwatano da motocin yuraniyam suka saba bi zuwa teku an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023.