MAƘALAR MAKO: Tarihin Zanen Fuskokin Yara da Allin Launi, da Yaranmu da Suka Tafi Ba Hoto

Yau za mu ɗan ajiye batun ƙa'idojin rubutu mu leƙa sana'ar maƙwabtanmu masu zane. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Ku biyo mu a hankali, domin labarin zai faro daga Italiya ne, amma a Anka da Bukkuyum zai sauka.

Akwai wani nau'in alli mai launi da Turawa ke kira fastel. Sunan daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa ƙullu. Yadda ake yin sa ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Ana niƙa launi ya yi laushi, a gauraya shi da alli ko farar ƙasa, a ɗiga ruwan ƙaro ɗan kaɗan don ya kama jikinsa, a mulmula shi kamar yatsa, a shanya. Duk wanda ya taɓa dafa tawada a makarantar allo ya san aikin ƙaro. Da wannan allin ake goga launi a kan takarda mai ɗan kaushi, a murje da yatsa. Ba buroshi, ba mai, ba jiran bushewa.

Wadda ta ɗaukaka wannan sana'a mace ce, Rosalba Carriera, haifaffiyar birnin Benis a shekarar 1673. Ta faro ne da zana ƙananan hotuna a kan murfin battar taba. A 1720 ta je Faris, inda ta zana Sarkin Faransa Louis na 15 yana yaro ɗan shekara 10, kuma a wannan tafiyar aka karɓe ta cikin majalisar masu zane ta masarautar. Mu dubi yaron da ta zana. A 1712, yana ɗan shekara biyu, ƙyanda ta kashe mahaifiyarsa da mahaifinsa da wansa cikin ƙasa da wata guda. Shi kaɗai ya tsira a ɗakinsu. A Turai ta wancan zamani mutuwar yara ba ta bar gidan talaka ba, ba ta bar fada ba. Iyayen da ke da hali sun san fuskar da suke kallo yau tana iya ɓacewa kafin baɗi, ko ta girma ta sauya, don haka suke biyan mai zane ya tsayar musu da ita.

Dalilin da ya sa allin launi ya dace da yara a fili yake. Fentin mai yana buƙatar mutum ya zauna sau da yawa, a shafa, a jira ya bushe, a sake shafawa. Yaro kuwa ba ya zama. Allin launi yana da sauri, kuma laushinsa ya yi kama da fatar yaro. Tun da babu mai a cikinsa, launinsa ba ya rinewa ya koma rawaya da daɗewa. Aibinsa guda ne: ƙura ce kawai zaune a kan takarda, hannu ya goga ta tafi. Shi ya sa sai an rufe shi da gilashi, kuma sana'ar ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan da Faransawa suka iya zuba faffaɗan gilashi a ƙarshen ƙarni na 17.

Bayan Rosalba sai Jean-Étienne Liotard, mutumin Janeba, wanda ya zauna a Santambul daga 1738 zuwa 1742, ya koma Turai da gemu da tufafin Turkawa. Tsakanin 1755 da 1756 ya zana wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Maria Frederike, sanye da shuɗiyar alkyabba, ta rungumi ɗan kwikwiyo, ta kawar da ido gefe kamar mai jin kunya. Zanen yana nan yau a gidan tarihi na Getty a Amurka. A daidai wannan zamanin ne daular Zamfara ke fama da Gobirawa, rikicin da ya kai ga faɗuwar Birnin Zamfara. Mun san sunayen sarakunan da suka yi wannan yaƙi. Yaran da aka goya aka gudu da su kuwa, ko fuskar ɗaya ba ta iso gare mu ba.

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 kasuwar allin launi ta faɗi, domin an ɗauke shi kayan ƙawar 'yan sarauta. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya farfaɗo a hannun su Edgar Degas da Mary Cassatt. Ita Cassatt Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1844, ta zauna a Faransa har ta mutu a 1926. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, amma da zanen uwa da ɗa duniya ta san ta. Abin da ta sauya shi ne ta daina tsayar da yaro cikin ado kamar ƙaramin basarake. Ta zana shi yana barci, ana yi masa wanka, yana tsotsar yatsa, ya ɓata rai. Akwai kuma Stanisław Wyspiański na birnin Karako a ƙasar Folan, wanda ya fi kusa da mu domin marubucin wasan kwaikwayo ne kuma mawaƙi. Ya rayu daga 1869 zuwa 1907, shekara 38 kacal. Cikin abin da ya bari har da zanen 'ya'yansa na cikinsa da allin launi, gashi a hargitse, haɓa a kan tebur, kamar yadda yaro yake idan ya manta ana kallonsa.

A Nijeriya, wanda ya buɗe ƙofar zanen fuska irin na zamani shi ne Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882. Da kansa ya koya, yana kwaikwayon hotunan jaridu da littattafai. A 1920 ya tafi Landan da Faris karatu, ya dawo a 1922, ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba a sa zane cikin darussan makaranta, har aka kawo Kenneth Murray a 1927. Daga baya sashen koyar da zane ya kafu a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a ɗauki dabarar Bature a zana abin gida. Zariya ba ta da nisa da mu, amma zanen fuska bai shigo zaurukanmu ba.

Wannan ba don Bahaushe bai san zane ba ne. Muna da zayyanar allo, da zanen bangon soro, da aikin wuyan riga, da sassaƙar ƙwarya, da lalle. Duk ƙwarewarmu ta tafi wajen siffofin da ba su da rai, kuma addini yana cikin dalilan. Malamai sun yi saɓani a kan zana mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta tashi a kanta, abin da aka haramta shi ne cikakkiyar sura mai inuwa irin ta gunki, shi kuwa zanen da ke shimfiɗe a takarda an sassauta hukuncinsa, yayin da wasu malaman suka tsananta a kan duka biyun. Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya shafe mu shi ne Musulmi sun daɗe da wata hanyar da babu jayayya a kanta, wato siffanta mutum da kalmomi. Littafin Shama'il na Imamu Tirmizi siffofin Manzon Allah (SAW) ya tattara. A Santambul, gwanin rubutun hannu Hafiz Osman, wanda ya rasu a 1698, ya tsara irin wannan siffantawar a shafi guda da ake ratayewa a bango. Ashe alƙalami ma yana zana fuska.

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin diddigin sanƙarau suka tarar yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Da aka gwada jini sai aka gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka koma haƙa, kuma dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A jimlace an ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka rasu. Sunayen Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru suka shiga rahotannin duniya.

Maganin ba ya amfani sai an fara tsabtace gari, domin yaron da aka warkar zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai an kankare saman ƙasa an binne, an zubo sabuwa. Bagega ta yi jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Wani abin lura kuma, wannan dalmar ita ce masu fentin mai a Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa farin launi da ita, alhali farin allin launi galibi alli ne ko farar ƙasa. Ita ce kuma ke cikin kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido har gobe a gidajenmu.

Mu da muke da shekara ashirin da 'yan kai yau, muna firamare lokacin. Daga Nasarawar Burkullu zuwa Gummi, babu wanda bai ji zancen ba a bakin manya. Waɗanda suka rasun sa'o'in ƙannenmu ne. Da sun rayu, da yanzu wasunsu sun gama sakandare, da wataƙila wani yana cikin wannan zaure yana turo mana gajeren labarinsa na farko. A wancan lokaci waya mai kyamara ba ta yawaita a ƙauye ba, mai hoto kuwa sai da salla ko biki. Da yawansu sun tafi ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba. Duniya ta riƙe lamba 400. Wa ya riƙe wanda yake da wushirya, da wadda ba ta barci sai ta riƙe kunnen uwarta?

Al'adarmu tana da nata hanyar ɗaukar irin wannan rashi. Ana cewa Allah ya sa mai ceto ne, uwa ta haɗiye, kunya da haƙuri su rufe bakinta. Sai dai ta sa wa na bayansa suna Barmani ko Ajuji ko Ayashe, wanda ya san Hausa ya gane akwai kabari a bayan sunan. Ba mu ce a bar haƙuri ba. Amma haƙurin uwa bai sauke wa marubuci nasa nauyin ba. Kuma abin bai tsaya a 2010 ba. A Fabrairun 2021 aka ce 'yan mata 279 na Jangebe. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka sake ba mu lamba. Lamba ba ta hana shugaba barci. Fuska guda da aka siffanta da gaskiya tana iya hanawa.

To mu duba littattafanmu. Yaro a yawancin labaranmu kayan ɗaki ne. Ana shigo da shi ya ce Momi ko Dadi, a aike shi, ya ɓace. Idan aka tashi siffanta shi sai a ce fari ne kyakkyawa mai dara-daran idanu, siffar da aka riga aka ba jaruma da ƙanwarta da kishiyarta. Masu allin launi suna da abin da za su koya mana a nan. Suna kallo da sauri, domin yaro ba ya jira. Suna neman abu guda da ya bambanta wannan yaron da sauran, ko yadda yake karkatar da kai, ko tabon faɗuwa a goshi. Suna barin yaro a yadda yake, da kaushin ƙafarsa da rigar yayansa da ta yi masa yawa. Kuma sun san idan aka cika murza launi a takarda sai ya dagule ya zama toka, kamar yadda tarin siffofi ke kashe jimla.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya zaɓi yaro guda a gidansu ko unguwarsu, ya zauna ya kalle shi na ɗan lokaci ba tare da ya sani ba, sannan ya siffanta shi cikin kalmomi 150. Sharaɗi: ban da kalmar kyakkyawa, ban da fari ko baƙi, kuma a sauya masa suna. Wanda kuma yake da ƙane ko ƙanwa da suka riga mu gidan gaskiya, in zuciyarsa za ta ɗauka, ya nemi izinin mahaifiya ya tambaye ta abin da take tunawa, ya rubuta ya ajiye ko da ba zai nuna wa kowa ba. Iyayen nan suna tsufa, kuma abin da ke ransu ƙura ce a kan takarda, babu gilashin da ya rufe ta.

Inda muka yi kuskure, manyanmu a gyara mana. Allah ya jiƙan yaranmu, ya sa masu ceto ne, ya zaunar da Zamfara lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.